Alfred Wegener, Bajamushen Da Ya Ce Ƙasa Tana Tafiya

'Yan'uwa mazauna Ikko, in kun tsaya bakin teku kuka fuskanci kudu maso yamma, ƙasar da ke can ƙetare ita ce Birazil. Masana sun tabbatar cewa a can dā ita da Afirka ta Yamma a manne suke. Mutumin da ya fara tara hujjojin wannan magana shi ne Alfred Wegener.

An haife shi a Balin ran 1 ga Nuwamba, 1880. Ubansa limamin coci ne. Ya yi karatun taurari har ya sami digirin dakta, amma ya koma binciken iska da yanayi, abin da ya kai shi Girinlan, tsibirin ƙanƙara, a 1906.

Da ya dubi taswirar duniya, sai ya ga gaɓar Afirka da ta Amurka ta Kudu sun dace da juna kamar ɓarin ƙwarya biyu. Wasu sun riga shi lura da haka, amma shi ya bi sawu. Ya nuna cewa an tono ƙasusuwan wata dabbar tabki mai kama da damo a kudancin Afirka da Birazil, alhali ba ta iya ƙetare teku. Duwatsun ɓangarorin biyu kuma iri ɗaya ne. A Janairun 1912 ya bayyana wa taron masana a Frankfurt cewa nahiyoyi duka dunƙule suke a dā, suka rabu sannu a hankali. A 1915, yana jinyar raunin da ya samu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya fitar da littafinsa kan haka.

Manyan masana duwatsu suka yi masa ca. Suka ce shi malamin yanayi ne, ya shiga gonar da ba tasa ba. Suna kuwa da hujja guda mai ƙarfi: ya kasa nuna abin da ke tura nahiya sukutum. Duk da haka bai janye ba, ya yi ta gyara littafin yana ƙara hujja.

A 1930 ya koma Girinlan karo na huɗu. Da ya ga guzurin mutanensa da ke tsakiyar ƙanƙara ba zai kai su ba, sai ya tashi da kansa don ya kai musu, tafiyar mil 250 da karnuka. A hanyar komowa cikin Nuwamba ajali ya cim masa, yana da shekara 50. Sai a Mayun 1931 aka sami gawarsa.

Bayan shekara talatin da ɗoriya, da aka auna ƙarƙashin teku, gaskiyarsa ta fito. Watau ɓawon duniya a rarrabe yake falle-falle, kowane yana shawagi bisa dutse mai zafi da laushi, yana gusawa 'yan santimita kaɗan a shekara, kamar tsiron farce. Inda falle biyu suka yi karo, tsaunuka kan tashi, irin su Himalaya. Inda suka gogi juna, sai girgizar ƙasa. Inda suka rabu, teku kan buɗe.

Alamar wannan tana gida. Kwarin Binuwai, wanda masu zuwa kudu ta Makurɗi ke ƙetarewa, tsaga ce da ta fara buɗewa lokacin da Afirka ke rabuwa da Birazil, fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, amma ta tsaya ba ta zama teku ba. Mutanen Katagum kuwa su tuna duwatsun Shira da ke kusa da Yana: narkakken dutse ne da ya taso daga cikin ƙasa, ya sandare, ruwa da iska suka zaizaye abin da ya rufe shi.

Wegener bai ga ranar da aka yarda da shi ba. Amma a 1980 Jamus ta kafa cibiyar binciken teku da ƙasashen ƙanƙara a Bremerhaven, aka sa mata sunansa.