Emanuel Ringelblum, malamin da ya binne tarihin mutanensa cikin gwangwanin madara

Yau za mu leƙa ƙasar Polan, cikin nahiyar Turai, mu kawo muku labarin wani malamin makaranta Bayahude mai suna Emanuel Ringelblum. Duk ɗan kasuwa ya san amfanin littafin bashi: in babu rubutu, ranar gardama mai ƙarfin baki ke cin riba. Wannan malami irin littafin nan ya rubuta wa mutanensa, lokacin da ake yi musu kisan ƙare dangi.

An haife shi a watan Nuwamba na 1900 a garin Buchach, wanda yau yake cikin ƙasar Yukiren. Ya yi karatu a jami'ar Warso, babban birnin Polan, ya samu digirin doktora a 1927 da bincike kan tarihin Yahudawan birnin. Daga nan ya shiga koyar da tarihi a makarantar sakandare, yana kuma aiki da wata ƙungiyar agaji ta Yahudawan Amurka. A 1938 gwamnatin Hitila ta koro dubban Yahudawa daga Jamus ta zube su a kan iyakar Polan, babu abinci babu makwanci. Aka tura shi can ya yi makonni yana tsara musu taimako, yana sauraron abin da ya same su.

A watan Satumba na 1939 sojojin Jamus suka mamaye Polan. Masu ilimi da dama suka gudu, shi kuwa ya ƙi tafiya. A watan Nuwamba na 1940 Jamusawa suka kewaye wata unguwa ta Warso da katanga, suka kulle Yahudawa fiye da dubu 400 a ciki, cikin fili da bai kai murabba'in kilomita huɗu ba. Ita ce unguwar da ake kira geto. Abincin da ake raba musu ba ya riƙe rai. Mafi yawan abin da aka ci ta hanyar fasa-ƙwauri ya shigo, kuma sau da yawa ƙananan yara ne ke ratsa ramukan katanga su ɗauko, in an kama su a harbe. Kafin tsakiyar 1942 yunwa da cuta sun kashe mutum kusan dubu 80.

Da rana Ringelblum yana cikin shugabannin ƙungiyar taimakon kai da kai, mai dafa abinci tana raba wa mayunwata. A ɓoye kuma yana da wani aikin. Ya lura cewa in Jamusawa suka gama da su, makasan ne kaɗai za su ba da labari. Sai ya tara mutum wajen 60, da malamai da marubuta da limamai da ma'aikata, suka kafa ƙungiyar asiri mai suna Oyneg Shabes, wato murnar ranar Asabar, domin a ranar suke haɗuwa.

Ba labarin manya kaɗai suka tara ba. Sun rubuta farashin burodi a kasuwar geto, da dabarun ƴan fasa-ƙwauri, da waƙoƙin mabarata, da barkwancin da ake yi a titi. Sun adana katin rabon abinci, da tikitin mota, da takardar naɗe alewa, da rubutun ƴan makaranta. Sun yi hira da mata kan yadda suke ciyar da gida bayan an kwashe mazansu. Wata marubuciya, Rachel Auerbach, da ke shugabantar ɗaya daga gidajen dafa abinci, ta rubuta halin waɗanda ke zuwa da kwanonsu kullum, har ranar da za a daina ganinsu. Ringelblum ya nace a rubuta gaskiya duka, har da laifin Yahudawan da suka zalunci ƴan uwansu.

Da labari ya iso cewa ana kashe mutane da iskar guba a sansanin Chelmno, ƙungiyar ta ɗauki shaidar wani da ya tsere daga can, aka aika rahoto Landan ta hannun ƴan gwagwarmayar Polan. A watan Yuni na 1942 gidan rediyon BBC ya watsa labarin kisan.

Daga 22 ga Yuli zuwa Satumba na wannan shekara, aka loda mutum wajen dubu 265 cikin taragun jirgin ƙasa zuwa Treblinka, aka hallaka su. Ana cikin haka, a farkon Agusta, wani malami da ɗalibansa biyu suka zuba takardun cikin akwatunan ƙarfe goma, suka binne a ƙarƙashin wata makaranta. A farkon 1943 aka binne kashi na biyu cikin manyan gwangwanayen madara guda biyu, daga baya aka ɓoye na uku a wani wuri.

A watan Afrilu na 1943 sauran mutanen geto suka ɗauki makamai, Jamusawa suka ƙone unguwar ƙurmus. Aka kama Ringelblum aka kai shi sansanin aikin tilas na Trawniki, amma ƴan gwagwarmaya suka fito da shi. Ya ɓuya da matarsa da ɗansa cikin wani rami da wani mai lambu ɗan Polan ya haƙa a gonarsa, tare da mutum kusan 40. A cikin ramin ma bai ajiye alƙalami ba. A watan Maris na 1944 aka tona asirin wurin. Aka harbe shi da iyalinsa da sauran, har da mai lambun da ya ɓoye su. Shekarunsa 43.

Cikin mutum 60 ɗin nan uku kawai suka rayu, ɗaya daga ciki ita ce Rachel Auerbach. Ita ta yi ta matsa wa mutane a tona kufai. A watan Satumba na 1946 aka gano akwatunan goma, ruwa ya ɓata wasu takardun. A Disamba na 1950 ma'aikatan gini suka ci karo da gwangwanayen madara, takardun ciki lafiya lau. Kashi na uku har yau ba a gan shi ba.

Abin da aka tono ya kai shafi dubu 35. Yana ajiye a Cibiyar Tarihin Yahudawa ta Warso, wadda ke ɗauke da sunan Ringelblum, kuma a 1999 hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya. Kisan Yahudawa miliyon shida, wanda ake kira Shoa ko Holokos, yanzu fanni ne na ilimi mai zurfi. Jami'ar Clark ta Amurka ta buɗe karatun doktora a kansa a 1998, jami'ar Haifa kuma tana ba da digiri na biyu. Ɗaliban da ke bincike kan geton Warso, takardun Ringelblum suke buɗewa. A 2005 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 27 ga Janairu don tunawa da waɗanda aka kashe.

Har yau akwai masu cewa abin bai faru ba. Amsarsu tana cikin waɗancan akwatuna, da kwanan wata, da sunan titi, da kuɗin burodi, da hannun waɗanda suka gani da idonsu. Allah ya kiyashe mu da ganin irin wannan rana, a ko'ina kuma kan ko wane ne. Sai mun sake saduwa.