THEOBALD SMITH, LIKITAN DA YA TONA ASIRIN KASKA

Daga Wakilinmu na Arewa, Azare

'Yan'uwanmu masu fataucin shanu daga ƙasar Katagum zuwa Ikko da Badun, ga tarihin wani mutum da ya shafi sana'arku.

An haifi Theobald Smith a garin Albani ta Amurka cikin 1859. Likitan mutane ne, amma a 1884 ya kama aiki a hukumar dabbobi ta gwamnati.

A zamanin nan shanun Teksas, a kudancin ƙasar, sukan iso arewa lafiya lau, amma duk makiyayar da suka ratsa sai shanun wurin su kama zazzaɓi da fitsarin jini, su yi ta mutuwa. Makiyaya suka ce kaska ce, masana suka yi musu dariya. Ashe makiyayan ke da gaskiya.

Smith da abokin aikinsa Kilborne suka shekara huɗu suna gwaji, suka fitar da rahoto a 1893. Sun gano cewa ɗan maraƙin da kaska ta ciza yana ƙarami yakan warke, jikinsa ya saba, amma ƙwayar cutar tana nan a jininsa shekara da shekaru. Kaska ta sha jinin, ta ba 'ya'yanta ta cikin ƙwai, su kuma su ɗana wa saniyar da ba ta taɓa haɗuwa da cutar ba. Wato lafiyayyar saniyar ita ce rumbun cutar. Shi ya sa shanun Turai ke wahala a ƙasarmu, alhali namu na kiwo abinsu.

Smith ya koyar a Jami'ar Harvard daga baya, ya rasu a 1934.