Ulrich Salchow (1877–1949): Gwanin Zamiya a Kan Ƙanƙara

An haifi Ulrich Salchow a birnin Kofanhegan na ƙasar Danmak ranar 7 ga Agusta, 1877, amma Suwidin ya wakilta a fagen wasan zamiya a kan ƙanƙara. Ɗalibin da ya tashi a Dutse ko Kiyawa, wanda bai san ƙanƙara ba sai wadda ke zubowa tare da ruwan sama, yana bukatar ɗan bayani. A ƙasashen sanyi ruwan tafki yakan daskare ya zama fili. Ɗan wasa yakan sa takalmi mai siririn ƙarfe a tafinsa, ya riƙa zana siffofi a kan ƙanƙarar, yana juyi yana tsalle. A dambe kowa na ganin wanda aka kayar. A nan kuwa alƙalai ne ke ba da maki, saboda haka zargin son kai bai taɓa rabuwa da wasan ba.

Sau uku Salchow yana zuwa na biyu a gasar duniya, a 1897 da 1899 da 1900. Daga 1901 zuwa 1911 kuwa sau goma ya lashe ta. A 1906 kaɗai kambin ya kuɓuce masa, shi ma don ya ƙi zuwa ne. A birnin Munik na Jamus aka yi gasar, shi kuwa yana tsoron alƙalai za su fifita ɗan gida, Gilbert Fuchs. Fuchs ɗin ne kuma ya ci. Sai dai abin da ya guda ya juyo kansa a wasannin Olamfik na Landan a 1908, inda ɗan Rasha Nikolai Panin ya janye daga gasar maza saboda rashin gamsuwa da makin da aka ba shi, Salchow ya ɗauki zinare. Adalci a faɗa, ko ba alƙali, bajintar shekara goma ba sa'a ba ce.

A 1909 ya fito da wani tsalle: ɗan wasa yana tafiya da baya, sai ya tashi da ƙafa ɗaya, ya juya a sama, ya dira a kan ɗayar. Har yau sunansa ake kiran wannan tsalle da shi. Mai nazarin harshe zai lura cewa sunan yanka ne ya rikiɗe ya koma gama-gari, kamar yadda Bahaushe ke kiran takardar naira ashirin Murtala.

Ya sake shiga Olamfik a 1920 yana da shekara 42, ya zo na huɗu. Ya shugabanci ƙungiyar wasan ta duniya daga 1925 zuwa 1937, ya mutu a birnin Sitokholm ranar 19 ga Afrilu, 1949.