Bishop Ajayi Crowther: Bawan Da Ya Zama Jagoran Coci A Bakin Kwara

Mu da muke kasuwanci tsakanin Sokode da Dapaong mun saba ganin limaman coci baƙaƙen fata, har ba mu ɗauke shi wani abu ba. Amma sai a 1965 Sokode ta samu bishop ɗan ƙasa, Chrétien Bakpessi. Shekara ɗari kafin nan, a 1864, aka naɗa wani Bayarabe, Samuel Ajayi Crowther, bishop na cocin Angilika a Canterbury ta Ingila.

An kama shi bawa yana yaro a garinsu Osogun a 1821. Jiragen yaƙin Ingila suka tare jirgin da ya ɗauko shi, aka sauke shi a Saliyo, inda ya yi karatu.

Da ya kafa mishan a bakin Kwara, daga Onitsha zuwa Lokoja, sai ya damƙa tashoshin a hannun 'yan Afirka, malamai da fastoci, kowa da inda yake riƙe. Bai yarda da zagin addinin Musulmi ba, ya kuma yi hulɗar mutunci da Etsu Masaba na Bida. Amanar ta kai har Etsu Maliki ya aika masa da wasiƙa yana neman a roƙi Sarauniyar Ingila ta hana shigo da barasa ƙasar Nupe. Duk ɗan kasuwa ya san ba kowa ake aika wa irin wannan saƙo ba.

Sai dai yarda da mutane tana da nata tsada. Wasu ma'aikatansa sun shagala da fatauci, wasu an kama su da laifi, shi kuwa dattijo ne mai sanyin hannu wajen horo. A ganinmu nan ya gaza. Amma abin da samarin Turawan mishan suka yi a taron Onitsha na 1890 ya wuce gyara: a gaban idonsa suka dakatar da fastocinsa, har da ɗansa Dandeson, ba tare da yardarsa ba. Ya ajiye kujerarsa a kwamitin.

Ya rasu a Legas ranar 31 ga Disamba, 1891, aka ba Bature gurbinsa. Cocin yankin Neja Delta suka ware suna riƙe kansu da kuɗinsu a 1892. A 2014 shugaban cocin Angilika, Justin Welby, ya nemi gafara kan yadda aka wulaƙanta shi.