Frederick Banting (1891–1941): Likitan da Karnuka Suka Kai ga Insulin

An haifi Frederick Grant Banting ranar 14 ga Nuwamba, 1891, a wata gona kusa da garin Alliston na lardin Ontario a ƙasar Kanada, kuma shi ne auta cikin 'ya'ya biyar. Ya shiga Jami'ar Toronto da niyyar zama malamin coci, daga baya ya karkata ga likitanci, ya kammala a ƙarshen 1916. Daga nan aka tura shi fagen Yaƙin Duniya na Ɗaya, inda ya ji rauni a dagar Cambrai ta Faransa a 1918. Da ya dawo gida ya buɗe ɗakin duba marasa lafiya a garin London na Ontario a 1920, amma kasuwa ba ta buɗe masa ba, har ya koma koyarwar wucin gadi don ya rufa wa kansa asiri.

Wannan koyarwa ce ta haɗa shi da fankiriyas, wato gaɓar nan da ke kwance a bayan tumbi. Tun a 1889 Oskar Minkowski da Josef von Mering suka cire wa kare ita a Strasbourg, karen ya kamu da ciwon sukari mai tsanani. Masana sun daɗe suna kyautata zaton cewa wasu 'yan tsibiran ƙwayoyin halitta da ke cikinta, waɗanda Paul Langerhans ya bayyana a 1869, su ne ke fitar da abin da ke daidaita sukarin jini. Tatso abin ne ya gagara. A daren 30 ga Oktoba, 1920, Banting ya karanta wata maƙalar Moses Barron, ya kwana da wani tunani: fankiriyas tana kuma fitar da ruwan narkar da furotin, ƙila shi ne ke cinye sinadarin kafin a kai gare shi. Sai ya yanke shawarar a ɗaure magudanar ruwan a cikin kare, a jira sashen narkarwar ya shanye, a tatsi abin da ya rage.

Farfesa John Macleod na Toronto bai gamsu sosai ba, amma ya ba shi ɗaki da karnuka goma da ɗalibi, Charles Best. Suka fara aiki ranar 17 ga Mayu, 1921. Farkon lamarin bai yi kyau ba, domin yawancin karnukan sun mutu a kan teburin fiɗa ko ta ruɓewar rauni, har sai da suka riƙa sayen wasu a titi. Ranar 30 ga Yuli aka yi wa kare mai lamba 410 allurar ruwan da suka tatsa, sukarin jininsa ya sauka daga kashi 0.20 zuwa 0.12 cikin ɗari. Wata karya da suka raɗa wa suna Marjorie ta yi kwana 70 a raye ba fankiriyas.

Abin lura shi ne dabarar da ta kawo shi Toronto ba ta da tushe mai ƙarfi. A cikin ɗanyar fankiriyas ruwan narkarwar a kwance yake, ba ya aiki sai ya isa hanji, don haka ɗaure magudana wahala ce kawai. Su kansu sun bar ta kafin shekara ta ƙare, suka koma kan fankiriyas ɗin shanu daga mahauta, suna tacewa da sinadarin alkohol. Amma ya hango gaskiya ta wani gefe: insulin furotin ne, ciki na narkar da shi kamar yadda yake narkar da nama, shi ya sa har yau mai ciwon sukari a Rano ko Kibiya allura ake ba shi, kuma dole ya nemi wuri mai sanyi ya adana kwalbar, ko da gindin randa ne.

Tsarkake ruwan aikin James Collip ne, masanin sinadarai da ya shigo a Disamba 1921. Allurar farko da aka yi wa Leonard Thompson, yaro ɗan shekara 14, ranar 11 ga Janairu, 1922, da ruwan Banting da Best, ba ta yi wani tasiri ba, ta ma bar masa ƙurji. Ta Collip ce, ranar 23 ga watan, ta farfaɗo da shi. Wannan ya yi wa Banting ciwo, ya shiga zargin ana neman ƙwace masa aiki, rigima ta ɓarke tsakaninsu. Da aka ba shi kyautar Nobel ta 1923 tare da Macleod ya fusata, ya raba kasonsa da Best, Macleod kuma ya raba nasa da Collip. A ganina tarihi ya daɗe yana tauye wa Macleod haƙƙi saboda labarin da Banting ya yaɗa, haka ma Nicolae Paulescu na Romaniya, wanda ya buga sakamako irin nasu a kan karnuka a 1921. Duk da wannan saɓani, dala ɗaya-ɗaya kacal aka karɓa lokacin da aka miƙa wa Jami'ar Toronto haƙƙin mallakar insulin a 1923.

Bayan haka bai sake gano wani abu mai girman wannan ba, ko da yake ya taɓa binciken ciwon daji da lafiyar matuƙan jirgin sama, yana kuma zanen hotuna don hutawa. Sarkin Ingila ya ba shi lambar girma a 1934. Ya rasu ranar 21 ga Fabrairu, 1941, bayan jirgin da ke kai shi Ingila kan aikin yaƙi ya faɗi kusa da Musgrave Harbour a Newfoundland. Bai ga ranar da Frederick Sanger ya jero amino asid 51 na insulin a 1955 ba, bai kuma ga yadda ɓeraye suka gaji karnukansa ba: da sinadarin aloksan, wanda aka gano tasirinsa a Glasgow a 1943, ake sa musu ciwon a ɗakunan gwaji na Zariya da Kano domin auna ganyaye irin su zogale. Ranar haihuwarsa ce aka ware ta zama Ranar Ciwon Sukari ta Duniya.