Harvey Pekar, Akawun Asibitin Da Ya Mai Da Rayuwar Talakawa Littafi

A shafin tarihin mutane mun saba kawo muku sarakuna, malamai da shugabannin ƙasashe. Wannan karon sai da muka yi doguwar gardama a ƙungiya kafin mu amince da wanda za mu kawo, domin mutumin bai taɓa mulkin ko unguwa ba, bai ƙera wata na'ura ba, bai kuma yi kuɗi ba. Akawu ne mai jera fayil a wani asibiti a Amurka, aikin da ya yi sama da shekara 30. Ko zane bai iya ba. Amma duk inda ake tarihin littattafan labari cikin zane, sai an ambaci sunansa.

Ga wanda bai san irin waɗannan littattafai ba: shafi ake rabawa gida-gida, kowane gida da zanensa, maganar mutum kuma a rubuta ta cikin wani ɗan zagaye a saman kansa. A Amurka, a zamanin da muke magana, yawancinsu na jarumai ne masu tashi sama suna ɗaga motoci, ko na dabbobi masu ban dariya, manyan kamfanoni ne ke buga su, yara kuma ke saye. Babbansu, wato Superman, wasu samari biyu ne 'yan birnin Cleveland suka ƙirƙiro shi, Jerry Siegel da Joe Shuster, aka fara buga shi a 1938. Shekara guda bayan haka, ranar 8 ga Oktoban 1939, aka haifi Harvey Pekar a wannan birni na jihar Ohio.

Iyayensa, Saul da Dora, Yahudawa ne da suka yi ƙaura daga garin Bialystok na ƙasar Poland. Mahaifinsa mutum ne mai son karatun littattafan addininsu, amma abin da ke ciyar da gidan shi ne ɗan kantin kayan abinci a titin Kinsman, iyalin kuma suna zaune a saman kantin. Harshen Yiddish ya fara ji a gida kafin Turanci. Yarintarsa ba ta yi daɗi ba. Yaran unguwa sun sha dukansa, har shi ma ya koyi faɗa, ya zama wanda ake shakka. Ya gama sakandare a 1957, ya shiga sojan ruwa, bai daɗe ba aka sallame shi. Ya shiga jami'a a Cleveland, ya bari bayan kamar shekara guda. Daga nan sai ƙananan ayyuka, yau nan gobe can. Shi da kansa daga baya ya bayyana cewa tsoron faɗuwa ne ke sa shi barin abu tun kafin abin ya kayar da shi, kuma littafin da ya rubuta a kan ƙuruciyarsa a 2005 ya sa masa suna The Quitter, wato mai saurin sarewa. Muna jin akwai da yawa a cikinmu da suka san wannan tsoro, musamman idan jarrabawa ta matso.

A tsakiyar shekarun 1960 ya samu aikin gwamnati a asibitin tsofaffin sojoji na Cleveland. Aikin shi ne ɗauko fayil ɗin majiyyaci, kai shi inda ake buƙata, mai da shi mazauninsa. An sha yi masa tayin ƙarin girma yana ƙi. Albashin kaɗan ne amma tabbatacce, kuma aikin ba ya cin ƙwaƙwalwa, saboda haka yana tashi da sauran ƙarfin karatu da rubutu. Bai bar wurin ba sai da ya yi ritaya a 2001.

Abin da ya fi so a lokacin shi ne kiɗan jaz. Tun yana ɗan shekara 19 zuwa 20 yake rubuta sharhi a kan makaɗa a mujallu, kuma duk ɗan abin da ya samu sai ya sayi faifan garmaho. Wannan son faifai ne ya haɗa shi a 1962 da wani matashi mai suna Robert Crumb, wanda ya zo Cleveland yana zane a kamfanin katin gaisuwa. Daga baya Crumb ya koma San Francisco, ya yi suna a cikin masu buga littattafan zane nasu na kansu, ba da hannun manyan kamfanoni ba. Yawancin abin da waɗannan matasa suka zana ba irin wanda za mu liƙa a bangon makaranta ba ne. Sai dai Pekar ya hango wani abu a ciki: ashe zane da rubutu idan sun haɗu suna iya ɗaukar kowane irin labari, kamar yadda fim da littafin hikaya ke ɗauka. To me zai hana su ɗauki labarin mutumin da ya tashi da safe cikin sanyi motarsa ta ƙi tashi?

Matsalar ita ce bai iya zane ba. Sai ya riƙa ja wa takarda layi, ya raba ta gida-gida, ya zana mutane da sanda-sanda irin na 'yan firamare, kai zagaye, hannu da ƙafa layi, ya rubuta maganarsu. A 1972 ya nuna wa Crumb wasu daga cikin waɗannan takardu. Crumb ya karanta, ya ga akwai abu a ciki, ya ɗauki wasu ya zana, ya kuma nuna wa abokansa masu zane.

A 1976 fitowa ta farko ta American Splendor ta bayyana. Ma'anar sunan ita ce ƙasaitar Amurka, kuma da gangan ya zaɓe shi, don a cikin littafin babu wata ƙasaita sai layin kanti, tashar mota da ɗakin fayil. Babu kamfanin da ya buga masa. Daina sayen faifai ya yi, ya tara kuɗin, ya biya masu zane, ya biya maɗaba'a, ya kuma nemi masu saye da kansa. Kusan fitowa ɗaya yake yi a shekara, kuma shekaru da dama asara yake tafkawa ta dubban daloli, daga aljihun akawu. Fitowa 15 na farko duk haka ya yi su. Sai a shekarun 1990 kamfanin Dark Horse ya karɓi bugun, daga baya Vertigo, har fitowar ta kai 39 a 2008.

A nan ne muke son mu ɗan tsaya, domin abin da ke cikin littattafan shi ne dalilin da ya sa muka zaɓe shi.

Akwai labarin da ba komai a cikinsa sai mutum tsaye yana fuskantar mai karatu yana magana, gida bayan gida. Yana ba da labarin yadda ya sa wayar tarho a gidansa, ya buɗe littafin lambobin waya na birnin, ya tarar da wani mai suna irin nasa sak, alhali sunan ba gama-gari ba ne. Can sai suka zama uku, uba da ɗansa da shi. Uban ya rasu, ɗan ya bi shi, bai taɓa ganin ko ɗayansu ba, amma ya ji mutuwarsu a ransa. Bayan wani lokaci wani mai sunan ya sake ɓullowa a littafin. Labarin ya ƙare mutumin yana tsaye shiru. Akwai wani kuma a kan yadda ake zaɓar layi a kanti don kada ka faɗa bayan tsohuwa mai cinikin kowane kwabo. A wani, yana tafiya sayen burodi yana ta saƙe-saƙe ko samun suna da kuɗi zai ɓata masa rubutu, bai cimma matsaya ba, sai ƙamshin sabon burodin ya ɗauke masa hankali, labari ya ƙare. Babu wanda aka kashe, babu wanda aka ceta.

Gwanintarsa tana kunne. Yakan saurari yadda abokan aikinsa ke magana, masu shara, masu tura keken majiyyata, tsofaffin sojoji da ke jiran likita, ya rubuta maganar yadda ta fito, da karin harshen kowa. Wani abokin aikinsa, Toby Radloff, ta cikin waɗannan shafuka jama'a suka san shi har ya riƙa fitowa a talabijin. Wani kuma, Robert McNeill, Baƙar fata da ya je yaƙin Vietnam yana matashi, Pekar ya zauna ya saurari labarinsa ya mai da shi littafi guda. Da yake masu zane daban-daban ne ke masa aiki, irin su Crumb, Gary Dumm, Greg Budgett da Frank Stack, fuskarsa takan canja daga labari zuwa labari. A hannun wani ya fito kamar mahaukaci mai gumi da yagaggiyar riga, a hannun wani kuma natsattsen mutum. Bai hana kowa zana shi yadda ya gan shi ba.

Shi ma birnin yana cikin labarin kamar mutum. Cleveland gari ne na masana'antun ƙarfe a bakin tafkin Erie. A 1950 mutanensa sun haura 900,000. Zuwa 2010 ba su kai 400,000 ba. A 1969 kogin Cuyahoga da ya ratsa birnin ya kama da wuta saboda dattin mai da ke kansa, Amurka duka ta yi ta yi wa garin dariya. Masu hali suna ficewa, masana'antu suna rufewa. Pekar bai tafi ba. Ya sa aka zana titunan da kantunan da gidajen hayan yadda suke, har mutumin garin zai iya gane kwanar da ake tsaye.

Kada ku ɗauka waliyyi ne. Mutum ne mai ƙorafi, mai saurin fushi, mai maƙo, kuma aurensa biyu na farko sun mutu. Mun san wannan ne domin shi ya rubuta, bai ɓoye ba. A ƙungiya mun yi muhawara a kan wani abu daban: shin daidai ne ka sa maƙwabcinka ko abokin aikinka a littafi, da maganarsa da halinsa? Wasunmu sun ce girmamawa ce, domin mutanen da ba wanda ke rubuta sunansu sun samu shiga tarihi. Wasu sun ce ai kowa na da sirrin da ba ya son a kai kasuwa. Ba mu daidaita ba. Abin da muka yarda da shi kawai shi ne, ya fi tona nasa asirin fiye da na kowa.

Suna ya zo masa a hankali. A 1986 wani babban kamfanin ɗab'i ya tattara labaransa a littafi guda, wanda ya ci lambar American Book Award a 1987. A shekarar 1986 ɗin ne kuma David Letterman, mai shahararren shirin hira na dare a tashar NBC, ya fara gayyatarsa. 'Yan kallo sun ji daɗin wannan akawu mai tsawa da ba ya jin kunyar kowa. Amma Pekar ya fahimci abin dariya ake mai da shi. Sai ya fara amfani da damar yana sukar General Electric, kamfanin da ya mallaki tashar, a gaban kyamarar tashar. A 1988 rigimar ta kai ga aka daina gayyatarsa na tsawon shekaru. Mutumin da ke asara a kowane bugu ya rufe wa kansa ƙofar talla mafi girma da ya taɓa samu, kuma washegari ya koma jera fayil.

Matarsa ta uku, Joyce Brabner, ta hanyar littafin suka haɗu. Tana da hannu a wani kantin littattafan zane a jihar Delaware, kwafin wata fitowa ya ƙare kafin ta karanta, sai ta rubuto masa wasiƙa tana nema. Wasiƙa ta jawo wasiƙa, suka haɗu, ba da jimawa ba aka ɗaura aure. A 1990 likitoci suka gano yana da ciwon daji mai kama kaluluwa. Shi da ita suka rubuta Our Cancer Year, wato shekararmu ta ciwon daji, Frank Stack ya zana, ya fito a 1994. Sun nuna wahalar magani, tsoro, faɗan miji da mata, da ƙaura zuwa sabon gida a tsakiyar jinya. Daga baya sun ɗauki riƙon wata yarinya suka raine ta.

A 2003 aka yi fim da sunan littafin. Paul Giamatti ne ya fito a matsayin Pekar, shi ma Pekar na gaske yana fitowa a ciki yana sharhi. Fim ɗin ya ci babbar lambar bikin fina-finai na Sundance, aka kuma sa shi cikin masu takarar Oscar a fannin rubutun labari. Wannan ya ɗan sassauta masa matsin kuɗi, amma bai rage masa fargaba ba. Ya ci gaba da rubutu babu hutu, yana tsoron fanshonsa ba zai ishi iyalinsa ba.

Ya rasu a gidansa a Cleveland Heights ranar 12 ga Yulin 2010, yana da shekara 70, lokacin da yawancinmu ba a haife mu ba ko muna goye. Littafinsa a kan tarihin Cleveland da zamansa a cikinta, wanda Joseph Remnant ya zana, ya fito a 2012. A shekarar ce kuma aka kafa mutum-mutuminsa a ɗakin karatun unguwarsu, inda ya saba zuwa aron littattafai, aka haɗa shi da tebur da takardu don duk mai son gwada rubuta nasa labarin ya zauna. Kabarinsa yana maƙabartar Lake View a Cleveland, kuma masu ziyara sukan soka biro da fensir a ƙasar da ke gabansa kafin su wuce.