Seyni Kountché, sojan da ya fito da zancen tazarar haihuwa fili

An haifi Janar Seyni Kountché a Fandou cikin 1931. Ya kifar da Diori Hamani ranar 15 ga Afrilun 1974, ana fama da fari, ya kuma yi mulki mai tsauri. Ƴan adawa sun sha ɗauri. Amma a zamaninsa ne aka buɗe cibiyar lafiyar iyali ta ƙasa a Yamai cikin 1984, alhali dokar Faransa ta 1920 mai haramta maganin hana ɗaukar ciki tana nan daram. A jawabinsa na Matameye cikin 1985, ya nuna cewa jama'a na ƙaruwa fiye da abin da gonaki ke bayarwa. Ya rasu a Paris ranar 10 ga Nuwamban 1987. Sai 1988, zamanin Ali Saibou, aka halatta maganin.